Burodin Masu Shayi

Ku da kuka tashi kuka tarar da manhajar lissafi a cikin wayar aljihunku, na san abin da kuke faɗa a kanmu. Wai aikin akanta danne-danne ne kawai: ka zuba lambobi, inji ya tofo maka amsa, ka miƙa hannu a biya ka. Ina jin ku, kuma ba na jin haushi, don ni ma ranar da na fara ganin kwamfuta haka na zata. Amma tunda kun samu wuri kun zauna, bari ku ji yadda aikin yake daga bakin wanda ya ci abinci da shi a Kawo tun allon kwamfuta yana baƙi ƙirin da koren rubutu.

Sunana Habu. A bakin tashar Kawo, Habu Akanta ake ce mini, tsofaffin direbobi kuma su ce Habu Kwamfuta. Ba da inji na fara ba. Cikin shekarun tamanin, da na gama sakandare, mahaifina ya kai ni wurin wani dattijo Bazazzage, Baba Lawal, wanda ke riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littattafansu. Kayan aikinsa duka ba su cika aljihun tebur ba: biro ja, biro shuɗi, rular katako da ta sha hannu har lambobinta suka goge, sai wani injin tara lissafi mai mariƙi a gefe, kana ja yana ƙara kamar ana fasa gyaɗa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne rasit na wani mai sayar da kayan gyaran mota, cike da leda. Wasu sun sha baƙin mai, wasu a bayan kwalin ashana aka rubuta su. Na zauna na jera, na tara, na ja layi biyu a ƙasa da jan biro, na kai masa ina ta fankama. Ko kallon amsar bai yi ba. Ya ce, "Ka je shagon?" Na ce, "Baba, ai ga takardun nan duka." Ya ce, "To takarda ka yi wa lissafi, ba shago ba. Sa takalminka." Na je, na wuni a kan benci ina kallon yadda kaya ke fita, sai na ga rabin cinikin mutumin da makanikai yake yi, kuma makanike ba ya karɓar rasit. Haka Baba Lawal yake koyarwa. Ba ya faɗa, ba ya yabo, sai dai ya aike ka.

Daga hannunsa na samu aiki a wani kamfanin dillancin kaya a cikin gari, kuma a can na haɗu da kwamfuta. An keɓe mata ɗaki ita kaɗai, da na'urar sanyaya iska, alhali mu 'yan Adam muna gumi a waje. Manhajar da ke cikinta gida-gida ce, layi a kwance layi a tsaye, kamar gurbin dara. Abin da ya kama ni da ita ɗaya ne. A littafi, in farashin buhu ya canza, sai ka sake lissafin shafi guda tun daga sama. A nan kuwa gida ɗaya za ka taɓa, sauran duk su gyara kansu kana kallo. Na ce a raina, wannan ba don ajiye tarihin jiya kawai aka yi shi ba, da shi za a iya tambayar gobe. Da kamfanin ya rage ma'aikata a farkon shekarun casa'in, sai na haɗa kuɗin sallamata na sayi tsohuwar kwamfuta, na kama shago kusa da tasha.

Kada ku zaci irin taku ce da ake sa wa a jaka. Tawa sai mutum biyu sun kama. Ana ajiye aiki a faifai, faifan kuma ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son a ajiye shi kusa da rediyo. Na kowane ɗan kasuwa biyu nake yi, ɗaya a shago, ɗaya a gida cikin kwallar matata, ƙarƙashin zannuwa. Injin buga takardar yana da kintinkiri mai tawada, in ya bushe ni nake sake jiƙa shi da hannuna, in ya fara aiki kuma mai kanti na gefe sai ya ƙara muryar rediyonsa. Wuta kuwa ba ta sallama in za ta tafi. Duk layin da na cika sai na adana kafin in shiga na gaba, har abin ya zame mini jiki. Ko yau in fitila ta ɗan yi ƙyaftawa, yatsuna sai sun motsa.

Mutanen da suka fara zuwa ba su san me nake sayarwa ba. Wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko injin zai iya duba mata wanda ya ɗauke akuyarta. Wani tela daga Malali ya zo bayan Sallah, aljihu ya yi nauyi, yana so ya sayi keken surfani. Na shigar da cinikinsa wata-wata, na juya masa allon ya gani da idonsa cewa shekararsa Sallah biyu ce da lokacin komawa makaranta, sauran watannin faci ne da rage tsawon wando. Ya fasa keken, ya nemi ɗinkin kayan 'yan makaranta. Shi ya fara yaɗa cewa akwai wani yaro a Kawo da injinsa ba ya jin kunyar kowa.

Sai muguwar shekara ta zo, wajen tsakiyar shekarun casa'in. Mai ya yi wuya, motoci na kwana a layi, kaya na tashi tsakanin safe da yamma. In ɗan kasuwa ya matsu, akanta yake fara sallama, don haka na koma buga wa mutane takardar neman aiki don in samu na cefane. Cikin wannan hali ne Alhaji Sabo ya shigo shagona da littattafansa a jakar leda.

Alhaji Sabo mutumin Kano ne, mai gidan burodi a Hayin Banki, dogo, mai son tsafta da son a san shi. Burodi iri biyu yake yi. Akwai babba mai yanka-yanka, cikin leda mai ɗauke da sunansa da jan rubutu, wanda motarsa ke rarraba wa kantunan Malali da unguwannin ma'aikata. Akwai kuma ƙarami, tsirara ba leda ba suna, wanda masu shayin tasha da na bakin titi ke zuwa su ɗiba da kansu. Dillalin fulawa ya rage wa kowa kasonsa, abin da Alhaji ke samu yanzu ba zai ɗauki iri biyun ba. Dole ya saki ɗaya. Magidanta da yawa ne ke ci daga tanderun nan, masu kwaɓi, masu wuta, masu jera gwangwani, kuma gidajen burodi biyu a yankin sun riga sun rufe.

Ya ce, "Malam Habu, abin da ya rage a hannuna na harbi ɗaya ne. In na kuskure, tanderun nan ya mutu, kuma tanderun da ya huce a wannan zamanin ba ya sake ɗaukar wuta. Ni dai na riga na yanke: masu shayin nan zan sallama. Kowane dozin sai sun karɓi gyara, ga surutu, ga raini. Gyararsu ce ta cinye ni. Kawai so nake injinka ya buga mini a takarda, in samu natsuwa."

Na karɓi littattafan na shigar da komai: fulawa, sukari, bota, yis, itace, leda, albashi, man mota. Na raba wa kowane burodi nasa kason. Inji ya ba da amsa, kuma amsar ta Alhaji ce. Ribar babban burodi ta ninka ta ƙarami, gyara kuma tana ƙara rage ɗan abin da ƙaramin ke kawowa. A nan ne mai danne-danne zai buga takarda, ya karɓi kuɗinsa, a rabu ana murmushi.

Ni kuwa na gangara ƙasan allon. In lissafin nan gaskiya ne, ya kamata Alhaji ya zama yana neman inda zai zuba riba, ba yana kukan karyewa ba. Tsakanin abin da injin ya ce ya kamata ya shigo da abin da ya shigo ɗin akwai rami, kuma kuɗin iri biyun a jaka ɗaya ake haɗa su, ba yadda za ka san ta wane gefe ramin yake. Na ninka gyarar masu shayi sau biyu don gwaji, ramin ko gezau. Na ƙara da cewa kowane ma'aikaci yana cin burodi safe da rana har ya kai wa iyalinsa, duk da haka bai cike ba. Da Alhaji ya dawo karɓar takarda, na ce masa ban buga ba.

Ya ce, "Wuta ce babu?"

Na ce, "Akwai wuta, ranka ya daɗe. Amsar ce ban yarda da ita ba."

Ya ce, "Ikon Allah! Injin ya yarda da ni, kai ne ba ka yarda ba?"

Na ce, "Injin abin da aka ba shi ya tauna. Ka bar ni in zo gidan burodin in gani."

Washegari bayan sallar asuba ina Hayin Banki. Masu shayi sun riga sun cika ƙofa, wani da keke, wani da kwali a ka, kowa kuɗinsa a hannu. Labarin za a sallame su ya riga ya zaga. Wani dattijo a cikinsu, Malam Iro, mutumin Zamfara da ya daɗe yana shayi a bakin tasha, ya ji an ce ni ne mai injin, sai ya tare ni.

Ya ce, "Kai ne yaron da za ya raba mu da Alhaji? To ka gaya ma injin naka, mi munka yi? Tun tanderun ga yana sabo muke ɗiba nan. Kuɗinmu hannu, ba mu cewa sai gobe. Kuma ka taɓa jin mai shayi ya maido burodi? Wanda ya kwana mu soya shi da ƙwai, direba ya ci ya yi godiya."

Na ce masa ni ban raba kowa da kowa ba tukuna. Amma maganarsa ta maido burodi ta tsaya mini a rai, don ban ga wannan kalma ko sau ɗaya a littattafan Alhaji ba.

Na zauna har hantsi. Motar da ta fita da babban burodi ta dawo, sai na ga ba ta tsaya a ƙofar gaba ba, ta zagaya baya. Na bi ta. A can na tarar da mutane zaune a gindin katanga cikin natsuwa, tsofaffin mata na unguwa, da masu gadi da suka tashi daga aiki, da leburorin da ba su samu aikin ranar ba. Direban, wani Bakatsine mai suna Ɗan'azumi, ya buɗe bayan mota yana sauke babban burodi, ledarsa da sunan Alhaji da komai, ana miƙa musu. Na tambaye shi wannan fa. Ya ce kwantai ne, na jiya da shekaranjiya da bai shiga ba a kantuna, don ƙa'idar masu kanti ita ce abin da aka saya shi suke biya, wanda ya kwana su mayar. Na ce a ina ake rubuta shi. Ya kalle ni kamar na yi saɓo.

Ya ce, "Rubutu kuma? Wannan ai sadakar Alhaji ce. Tun da nike gidan nan ba a taɓa ƙirga ta ba."

To kun ji inda ramin yake. Duk burodin da ya hau mota, a littafi an rubuta shi an sayar. Wanda ya dawo kuwa, da zarar ya zagaya ƙofar baya ya tashi daga kaya ya koma sadaka, sadaka kuma ba mai sa mata lamba. Ba wanda ya saci komai, ba wanda ya yi ƙarya. Gyarar masu shayi Alhaji yana ganinta kullum a ƙofar gaba tana ɓata masa rai, kwantai kuma yana ganinsa a ƙofar baya yana faranta masa rai, shi ya sa bai taɓa ɗora su a sikeli ɗaya ba.

Na same shi a ɗan ofishinsa na ce ina so in ƙirga abin da ke dawowa. Fuskarsa ta canza nan take.

Ya ce, "Malam Habu, kai yaro ne mai hankali, kada ka ɓata. Lissafin fulawa na ba ka, ban ba ka lissafin da ke tsakanina da Ubangijina ba. Mahaifina bai taɓa ƙirga abin da ya bayar ba, ni ma ba zan fara ba. So kake in tsaya gaban Allah da rasit?"

Wannan ita ce gaɓar da ba a koyar da ita a kowace makaranta. In na ce masa sadakarsa ce ke karya shi, zai kore ni, kuma yana da gaskiya ya kore ni. In na yi shiru, zai saki masu shayi, ya zuba sauran fulawarsa a burodin da ke zuwa yawo Malali ya dawo. Sai na ce, "Alhaji, wallahi ba zan taɓa sadakarka ba. Abin da ya shiga bayan gidan nan ba ruwana da shi. Amma a lokacin da mai kanti ya ɗauko burodi daga kan kanta ya miƙa wa Ɗan'azumi, a wannan lokacin sadaka ne?"

Ya ce, "A'a. A lokacin kaya ne."

Na ce, "To a can zan ƙirga. A ƙofar kanti, tun yana kaya."

Ya kalle ni, ya ce, "Kai da malamai ka zauna ko da 'yan kasuwa? Je ka. Amma ƙafarka kada ta sake taka bayan gidan nan da biro."

Haka na rufe shagona na koma yaron mota na ɗan lokaci. Kowace safiya ina gaban a-kori-kurar Ɗan'azumi, da allon katako da takarda a cinya, muna bin kantunan Malali ɗaya bayan ɗaya. Nawa aka sauke, nawa aka mayar, kanti-kanti. Masu kantin ba su da laifi. Albashin ma'aikata ya daina kaiwa ƙarshen wata, mai gidan da a da yake ɗaukar babban burodi kullum yanzu sai ranar Asabar, amma kowane mai kanti yana so a cika masa kanta don idon mutane, tunda in bai shiga ba ba asararsa ba ce. Na kuma rubuta abin da littafin bai sani ba game da motar kanta: wunin da take yi a layin mai, da galan ɗin 'yan bumburutu da ake saye in layin ya gagara. Da yamma in koma shago, in tayar da ɗan janareta in wuta babu, in shigar da na ranar. Na sha rana, na sha tura mota, takalmina ɗaya ya mutu a wannan aikin.

Da na ga abin ya isa, na aika wa Alhaji. Ya zo bayan la'asar ya zauna kusa da ni a kan benci, karo na farko da ya yarda ya kalli allon da kansa. Na nuna masa lissafin farko, wanda ya yarda da shi. Sannan na buɗe sabon layi na kayan da aka mayar daga kanti, na cika shi, na danna. Lambobin suka sauya daga sama har ƙasa yana kallo. Ribar babban burodi ta narke, ta wuce sifiri, ta koma asara. Ƙaramin kuwa, da gyararsa da komai, yana nan tsaye da 'yar ribarsa, ba mota, ba leda, ba kwantai. Shi ne ma yake ɗauke da babban duk tsawon lokacin nan.

Alhaji bai yarda nan da nan ba, kuma na ji daɗin hakan, don a nan injin ke nuna amfaninsa. Ya ce in ƙara wa babban burodin kuɗi. Na ƙara, na tambaye shi ko mutanen da suka kasa saye a tsohon farashi za su saya a sabo. Ya ce to a daina karɓar kwantai. Ɗan'azumi da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, ranar da muka ce haka, ranar za su kira wani gidan." Ya ce a rage yawan da ake kai musu. Na rage, sai kuɗin mota da leda suka danne ɗan abin da ya saura. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa na buɗe masa ita a allon ya leƙa da kansa. A ƙarshe na nuna masa hanya biyu gefe da gefe. In ya riƙe babba, jarinsa ba zai ga ƙarshen damina ba. In ya riƙe ƙarami, zai yi ta maneji, amma wuta ba za ta mutu ba.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Ka san me kake ce mini? Ledar nan ita ce sunana. In ta ɓace daga kantuna, gobe a masallaci za a ce Sabo ya karye, ya koma yi wa masu shayi burodi."

Na ce, "Za a faɗa, ranka ya daɗe. Wannan ba ni da gidan da zan shigar da shi a inji. Kai kaɗai ka san nauyinsa."

Ku lura, ban ce masa yi kaza ba. Akanta ba ya yanke wa mai dukiya hukunci. Aikinka ka share masa gilashi ya ga hanya, tuƙin nasa ne. Ya tashi ya fita, ko takardar bai karɓa ba. Bayan kwana biyu na ji an jingine motar, Ɗan'azumi ya koma kula da masu ɗiba a ƙofa, an kuma aika wa masu shayin Kawo da na Hayin Banki cewa kowa ya zo, har da waɗanda gidajen da suka rufe suka bari ba burodi. An yi maganar da ya ji tsoro, har da ƙari. Amma tanderun bai huce ba, kuma ba a sallami ko mutum ɗaya ba. Ina alfahari da wannan aikin fiye da duk wanda na yi a rayuwata, ba na kuma ɓoyewa.

Sai dai akwai abin da ni da injina ba mu hango ba. Ƙaramin burodi ba ya dawowa. Ranar da motar ta daina fita, ranar kwantai ya ƙare, mutanen ƙofar baya kuma ba wanda ya gaya musu. Suka zo suka zauna a gindin katanga kamar kullum, har rana ta take, suka tashi hannu wofi. Washegari ma suka zo.

Alhaji ya shigo shagona a ranar, ko sallamar kirki bai yi ba, ya zauna. Na zaci faɗa ya zo yi, don ni na jawo. Sai ya ce, a hankali, "Malam Habu, tun ranar da ka ce a ƙofar kanti kaya ne, maganar ba ta bar ni ba. Ashe duk shekarun nan abin da mutane suka ƙi saye nake ba Allah, ina ta jin daɗi wai ni mai kyauta."

Na ce, "Alhaji, ai mutane sun ci sun ƙoshi, kuma da zuciya ɗaya ka bayar."

Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Bar lallashi, ba shi na zo saye ba. Kunna injinka. In na ware na sadaka daga fitar farko, sabo, kullum, gidan zai iya ɗauka? Kada ka duba fuskata, ka duba lissafi. In zai kashe tanderun, gaya mini."

Na kunna. Na buɗe layi, na sa tire ɗaya, gidan ya ɗauka. Na sa biyu, ya ɗauka da ƙyar. Na sa uku, ya fara tangaɗi. Na juyo zan gaya masa adadin, sai na ga ya kau da kansa daga allon yana kallon titi.

Ya ce, "Kada ka gaya mini nawa ne. Kai da Ɗan'azumi ku sani, ku tsaya inda gidan zai iya. In fulawa ta sauka ku ƙara. Ni dai ce mini za a iya ko ba za a iya ba."

Na ce, "Za a iya."

Da safe na je Hayin Banki, ba biro ba takarda, na tsaya daga nesa. Alhaji da kansa ya fito ta ƙofar baya, Ɗan'azumi na biye da shi da tire a ka. Wata tsohuwa ce a farkon layi, 'yar ƙarama, da carbi a wuya. Aka miƙa mata, ta karɓa, sai ta yi saurin sauya shi daga wannan hannu zuwa wancan. Ta matsa shi da yatsa ya lotsa ya taso. Ta dube shi, ta dubi Alhaji, sannan ta miƙa masa abinsa.

Ta ce, "Ɗana, an yi kuskure. Wannan na sayarwa ne, da zafinsa."

Alhaji ya girgiza kai. Ya sa hannu biyu ya mayar mata da shi cikin tafinta, ya ce, "Naki ne, Iya. Ci tun bai huce ba."